Inda kwalta ta ƙare: abin da ke riƙe babur a munanan hanyoyin karkara

Jami'in da ke zaune a Sakatariyar Tarayya da ke Abuja, idan ya sa hannu a takardar tura tawaga zuwa wani ƙauye, abin da idonsa ke gani shi ne sunan gari da yawan kilomita da kuɗin guzuri. Takardar ba ta nuna masa kilomita goma na ƙarshe, inda motar ofis ke tsayawa a ƙarƙashin wata bishiya, a sauke akwatin allurar rigakafi ko kayan zaɓe, a ɗaure su a bayan babur. Daga nan sauran aikin gwamnati yana rataye ne a kan tayoyi biyu da kuma hannun wanda ke riƙe da kan babur ɗin.

Ba sai an je nesa ba. A cikin Babban Birnin Tarayya kansa, tsakanin Afrilu da Oktoba lokacin damina, akwai ƙauyuka a ƙananan hukumomin Kuje da Kwali da Abaji da ba a isa gare su sai a kan babur ko a ƙafa. Tun a 2006 aka hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar birnin Abuja, har wasu ma'aikata suka manta da babur a matsayin abin hawa na aiki. Amma a ranar zaɓe, hukumar INEC mai rumfunan zaɓe 176,846 a zaɓen 2023 tana dogara ne da babura da jiragen ruwa wajen isa wuraren da mota ba ta zuwa. Haka ma masu allurar shan-inna, waɗanda wahalarsu ta kai ga ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a ranar 25 ga Agusta, 2020. Malaman gona da masu ƙidaya da jami'an sa ido kan ayyukan mazaɓu duk suna cikin wannan sahu.

Yawancin faɗuwar da ake yi a irin waɗannan hanyoyi dalilinta ɗaya ne: taya ta saki ƙasa. Sanin abin da ke sa ta kama da abin da ke sa ta saki ilimi ne da ake koyo, kuma ya shafi mai tuƙi da wanda aka goya da wanda ya sa hannu a takardar sayen babur ɗin.

Faɗin tafin hannu

Duk girman babur da nauyin kayan da ke kansa, wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ta wannan ɗan wuri ne ƙarfin inji ke tura babur gaba, ta nan burki ke tsayar da shi, ta nan kuma yake shan kwana. Wannan riƙo da ke tsakanin roba da ƙasa shi za mu kira kamun ƙasa.

Kamun ƙasa yana da iyaka, kuma ayyukan nan uku daga asusu ɗaya suke ci. Ma'aikaci ya san halin albashi: abin da aka kashe a kuɗin haya ba za a same shi a kuɗin makaranta ba. Idan mai babur ya kashe yawancin kamun da tayarsa ke da shi wajen taka burki, ba abin da zai rage masa na shan kwana. Shi ya sa wanda ya damƙe burki a tsakiyar kwana a kan tsakuwa yake tsintar kansa a ƙasa tun kafin ya gane abin da ya faru. A busasshiyar kwalta asusun yana da kauri, mutum yana iya yin kuskure ya tsira. A jiƙaƙƙen yumɓu kuwa abin da ke cikinsa bai kai rabin na kwalta ba.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ke ƙarƙashin duk abin da zai biyo baya. Tayar da ke mirginawa daidai da tafiyar babur ta fi kama ƙasa a kan wadda ke zamewa. Da zarar taya ta kulle saboda burki, ko ta fara juyawa a wuri ɗaya saboda yawan wuta, kamunta ya ragu kuma ba ta ƙara bin inda aka nufa da ita. Saboda haka gwanintar tuƙi a jeji ta tattara ne a kan tausasa hannu: a ba da wuta a hankali, a ja burki a hankali, a karkata a hankali.

Taya da iskar cikinta

A kan kwalta, robar taya ce ke manne wa hanya. A kan ƙasa mai laushi ba abin da roba za ta manne wa, sai dai haƙoran taya su nutse su ciji ƙasar, su tura ta baya. Wannan ne dalilin da ya sa baburan jeji ke da taya mai manyan haƙora da faɗin fili a tsakaninsu, domin laka ta samu hanyar fita yayin da tayar ke juyawa. Tayar gari mai ƙananan zane tana cika da laka cikin 'yan mitoci, ta koma sumul kamar tulu. Tayar da ta suɗe kuwa ko a kwalta ba ta da amana, balle a gangaren Mambilla.

Girman wili ma yana da tasiri. Baburan da aka ƙera domin jeji galibi suna da wili mai inci 21 a gaba da 18 a baya, saboda babban wili ya fi sauƙin haye rami da dutse ba tare da ya cije ba. Baburan da suka cika hanyoyinmu, irin su Bajaj Boxer, wilinsu inci 17 ne, an yi su ne domin ɗaukar kaya da tsimin mai. Suna zuwa wurare masu ban mamaki a hannun gwanaye, amma ba su yafe kuskure kamar yadda babur irin Yamaha AG200 ke yafewa, wanda tun asali aka ƙera shi domin gonaki, ƙungiyoyin agaji kuma suka daɗe suna amfani da shi a Afirka.

Sai batun iska, wanda ya fi kowane gyara arha kuma aka fi yin sakaci da shi. Yawancin masu faci a bakin hanya suna cika taya ne har sai ta yi tauri kamar dutse, su ƙwanƙwasa ta da yatsa su ce ta yi. Taya mai tauri wurin da take taɓa ƙasa ƙanƙane ne, tana tsalle a kan tsakuwa maimakon ta rungume ta. Idan aka rage iska, tayar tana ɗan baje, haƙora da yawa su taɓa ƙasa a lokaci guda. Ƙananan baburan gari kan buƙaci ma'auni tsakanin 25 da 32 na psi a kan kwalta, alhali masu tseren jeji suna tafiya da 12 zuwa 15.

A nan akwai gargaɗi. Baburan tsere suna da wani ƙarfe a cikin wili da ke damƙe tayar don kada ta juya a kansa. Babur ɗin ofis ba shi da shi. Idan aka rage iskarsa sosai, tayar na iya zamewa a kan wili ta ja tub ta tsinke bawul, ko kuma dutse ya matse tub ɗin a jikin wili ya huda shi wuri biyu. Abin da ya dace da irin wannan babur shi ne a rage kaɗan, kada a sauka ƙasa da 20 idan akwai kaya ko goyo, sannan a mayar da iskar da zarar an hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska tana zafi a gudu. Ƙaramin gejin iska da famfon hannu suna shiga aljihun jaka.

Jikin mahayi

Babur na yau da kullum bai fi nauyin mai shi da yawa ba, idan aka haɗa da kaya. Ma'anar wannan ita ce inda mahayi ya ajiye nauyinsa shi ke yanke wace taya za ta kama ƙasa sosai. Taya tana kamawa ne gwargwadon nauyin da ke danne ta. Wanda ya matsa gaba ya ƙara wa tayar gaba kamu, wanda ya ja baya ya ƙara wa ta baya.

A hanya mai ramuka da duwatsu, gwanaye suna miƙewa tsaye a kan matakan ƙafa, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe suna rungume da tanki, gwiwar hannu a buɗe. Mai kallo na iya ɗauka burga ce. Amfaninta shi ne ƙafafu su zama ƙarin shakazoba, babur ya yi ta rawarsa a ƙarƙashin mutum ba tare da ya jefar da shi ba, tayoyi kuma su ci gaba da bin ƙasa. Mahayan dawakinmu sun san wannan tun kafin zuwan babur, domin mai sukuwa ba ya zama daɓas a kan sirdi. Ko a babur ɗin gari da tsayuwa ba ta da daɗi a kansa, ɗaga mazaunai kaɗan daga kujera a lokacin haye rami yana hana bugun ya tashi da tayar baya.

Hannu kuma a sassauta shi. Tsoro na sa mutum ya ƙanƙame kan babur, alhali tayar gaba tana bukatar 'yancin ɗan karkacewa ta dawo da kanta idan ta bugi dutse. Riƙo na ƙwarai da gwiwoyi ake yin sa. Ido kuwa a kai shi nesa, inda ake son zuwa. Duk wanda ya ƙura wa rami ido cikinsa zai faɗa, domin babur yana bin kallon mai shi.

A kwana ma akwai bambanci da kwalta. A kwalta mutum da babur tare suke karkata. A ƙasa mai santsi babur ake karkatarwa, jiki ya tsaya a miƙe a samansa, a matsa gaba kusa da tanki, a danna matakin ƙafa na waje da ƙarfi. Wannan dannawar ce ke cusa haƙoran gefen taya cikin ƙasa. Haka ake yi idan hanya ta bi ta gefen tudu ta karkace: nauyi a kan matakin da ke ɓangaren gangare, babur kuma a ɗan jingina shi wajen tudu.

Totur, giya da burki

Sabon mahayi idan ya ga wuri mai wuya sai ya koma giya ta ɗaya ya murɗa totur. Giya ta ɗaya tana aika ƙarfi mai yawa zuwa tayar baya a lokaci guda, sai ta fara juyawa a banza tana haƙa rami. Giya ta biyu, wani lokaci ma ta uku, da wuta madaidaiciya ta fi ba taya damar cizo. Idan inji ya nemi mutuwa, a ɗan ja kulochi da yatsa biyu har ya farfaɗo, a sake shi a hankali. Kulochi a jeji kamar linzami yake, da shi ake auna yawan ƙarfin da ke isa ƙasa. Sai dai yawan riƙe shi rabi da rabi na tsawon lokaci yana ƙona shi.

Game da burki akwai wata gurguwar fahimta da ta yaɗu a tsakanin masu babur, cewa burkin gaba ba a taɓa shi. Har akwai masu kwance shi gaba ɗaya. Gaskiyar lamari ita ce idan aka rage gudu nauyi yana komawa kan tayar gaba, don haka ita ce ke da mafi yawan ƙarfin tsayarwa, ko a kan ƙasa. Abin da ke kayar da mutum shi ne fizgar burkin da ƙarfi, ko jan sa alhali kan babur a karkace yake. A matsa shi a hankali kamar mai matsar lemo, a haɗa da na baya, a gama rage gudu tun babur yana miƙe kafin a shiga kwana. Idan tayar gaba ta kulle, a sake burkin nan take. Manyan baburan zamani masu na'urar hana kullewar taya, wato ABS, da yawansu suna da maɓallin kashe ta a tayar baya, saboda a tsakuwa na'urar kan tsawaita nisan tsayawa.

Kowace ƙasa da halinta

Rairayi shi ne jarrabawar wanda aka tura arewacin Yobe, wajen Yusufari da tuddan Tulo-Tulowa, ko ƙauyukan kan iyaka da Jamhuriyar Nijar. A rairayi tayar gaba tana son nutsewa, kan babur ya yi ta kaɗawa. Wanda ya firgita ya saki wuta, nauyi ya faɗa gaba, tayar ta ƙara nutsewa, sai faɗuwa. Maganin ya saɓa wa abin da zuciya ke raya wa mutum: a ja jiki baya, a riƙe wuta ba yankewa, a bar kan babur ya yi rawarsa. Da ɗan gudu babur yana hawa saman rairayi kamar kwalekwale a kan ruwa. Burkin gaba ba shi da aiki sosai a nan, sakin wuta kaɗai ya isa tsayar da babur. Idan tayar baya ta haƙa rami ta zauna, ƙarin wuta ƙarin nutsewa ne. A sauka, a kwantar da babur a gefensa, a cike ramin da ƙafa, a tayar da shi, a tura shi da inji a kunne kafin a hau. Rairayin safiya da sanyin dare ya daddale ya fi na tsakar rana ɗaukar taya, shi ya sa sammako yake da riba.

Duniya ta koyi yawancin wannan darasi ne a maƙwabtanmu. A 1977 wani Bafaranshe mai tseren babur, Thierry Sabine, ya ɓace a hamada yayin tseren Abidjan zuwa Nice. Bayan an ceto shi ya ƙirƙiro tseren Paris zuwa Dakar, wanda aka fara a ranar 26 ga Disamba, 1978, ya ratsa Aljeriya da Agadas da Yamai kafin ya kai Senegal. Cyril Neveu ne ya lashe shi a kan Yamaha XT500. Shekaru da dama hamadar Tenere ta kasance wurin da ake tantance gwanaye, har aka soke tseren a 2008 saboda matsalar tsaro, aka mayar da shi Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya daga 2020. Abin da waɗannan mahaya ke yi da babura masu tsada, shi ɗan acaɓan Maine Soroa ke yi kullum da buhun gero a bayansa.

Laka kuma iri-iri ce. Mafi sharrinta ita ce baƙar ƙasar yankin Tafkin Chadi, wajen Dikwa da Marte da Ngala, wadda mutanen wurin ke kira firgi. Da rani tana bushewa ta tsattsage, da damina ta zama kamar sabulu a sama, danƙo a ƙasa. Tana liƙe wa taya har ta cike tsakaninta da madigadi, tayar gaba ta daina juyawa ɗungurungum. Wanda zai bi irin wannan ƙasa ya tafi da ɗan sanda na ƙwaƙule laka, kuma babur mai madigadi a sama can nesa da taya ya fi dacewa da ita. Jan yumɓun tsakiyar Najeriya da na tsaunin Mambilla shi ma idan ya sha ruwan farko yana da santsi ƙwarai. Dokar laka ita ce a miƙe babur sak, a shiga da giya ta biyu da wuta madaidaiciya, kada a canza giya ko a taka burki a tsakiya. Inda ciyawa ta fito a gefen hanya ko a tsakiyarta, saiwoyinta suna ba taya abin kamawa. Idan aka faɗa cikin sawun da motoci suka haƙa, a bi shi har ƙarshensa, domin yunƙurin fita daga cikinsa a karkace shi ke share tayar gaba.

Hanyar burji ta fi yaudara, domin tana da kyan gani kuma tana kiran gudu. Ƙananan tsakuwar da ke kwance a kan ƙasa mai tauri suna mirginawa a ƙarƙashin taya. Da rani kuma hanyar tana yin ƙunya-ƙunya a jere, taya ta riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan, rabin lokacinta tana sama. Tayar da ke sama ba ta burki, ba ta kwana. A bi sawun da motoci suka share, a nisanci tarin tsakuwar gefe, a ninka tazarar tsayawa. Ƙurar motar da ke gaba ma makanta ce, gara a ja baya har ta lafa.

A hawan dutse irin na hanyoyin ƙauyukan Gembu, ko na tsaunukan Mandara da Filato, ana zaɓar giya ne tun daga ƙasa, a taho da ɗan ƙarfi, a karkata ƙirji gaba don kada tayar gaba ta tashi, amma kada a matsa har ta baya ta rasa nauyi. Idan inji ya mutu a tsakiyar hawa, burkin gaba kaɗai ba ya riƙe babur, zamewa baya yake yi. A bar shi cikin giya a saki kulochi, a sauka ta ɓangaren tudu, a juya shi a hankali a koma ƙasa a sake gwadawa. A gangare kuma jiki ya koma baya, giya ta ɗaya ko ta biyu, inji ya riƙe gudu, burki biyu a hankali. Al'adar kashe inji ko sa babur a furi a gangare don tsimin mai ta jawo asarar da ta fi man da aka tsimi nesa ba kusa ba.

Sai rafi da korama. Ƙa'ida ta farko a sauka a taka ruwan da ƙafa, a san zurfinsa da abin da ke ƙasansa. Duwatsu masu gansakuka sun fi laka santsi. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa yana iya tafiya da babur da mai shi, kuma koramar da ta bushe da safe tana iya cika da yamma saboda ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa. Idan ruwa ya kai matatar iska inji zai shaƙe shi ya lalace. Babur ɗin da ya faɗi a ruwa a kashe shi nan take, kada a sake tayar da shi sai an kwance fulogi an fitar da ruwan. Bayan an haye, a ɗan riƙa taɓa burki ana tafiya har ya bushe, domin jiƙaƙƙen burki ba ya kamawa.

Kaya da wanda aka goya

Yawancin ma'aikatan da ake turawa karkara ba su ne ke tuƙi ba, goya su ake yi. Wanda ke baya yana da hannu a kamun ƙasa kamar na gaba. Ya matso kusa da mai tuƙi, ya bi motsinsa, kada ya sauke ƙafa idan babur ya karkata, kada kuma ya yi ta jujjuyawa yana duba waya. Idan aka zo wuri mai wuya, ya sauka ya taka. Babu muƙamin da ke zubewa saboda tafiyar mita hamsin a ƙafa. Babbar riga da hijabi da gyale a tattare su sosai, domin sarƙa da wayoyin wili sun sha fizgo mutane daga kan babur.

Kaya kuwa a ajiye su ƙasa-ƙasa kuma kusa da tsakiyar babur. Nauyin da aka tula can ƙarshen kariya, bayan tayar baya, yana ɗaga gaban babur, tayar gaba ta yi sakayau ta daina kamawa. A ɗaure su tamau, domin kayan da ke reto suna jan babur gefe a daidai lokacin da ba a so. Akwatin rigakafi da ya faɗi ya buɗe a rana ba ƙaramar asara ba ce: yawancin alluran ana son su ne tsakanin digiri 2 da 8 na ma'aunin Salshiyos, kuma yaran ƙauyen da aka nufa sai sun jira wani zagayen.

Abin da ke hannun ofis

Wani kaso na wannan al'amari a kan tebur ake yanke shi. Jami'in sayayya da ya rubuta "babur" kawai a takardar kwangila, ba tare da bayyana irin taya da girman wili da nisan inji daga ƙasa ba, zai karɓi mafi arha, a raba shi daidai wa daida ga mai zuwa Gwagwalada da mai zuwa Gembu. Kasafin da ya sayi babur bai ware kuɗin taya da sarƙa da burki ba, ya sayi abin da zai zama haɗari cikin shekara guda. Jadawalin da ya tilasta wa ma'aikaci zagaya ƙauyuka shida a yini ɗaya cikin watan Agusta shi ke sa a yi gudu a inda ya kamata a lallaɓa, a kuma dawo cikin duhu.

Akwai misalin da za a duba. Ƙungiyar Riders for Health, wadda Barry da Andrea Coleman suka kafa tare da ɗan tseren babur Randy Mamola, ta gina aikinta a ƙasashe irin su Gambiya da Lesotho da Najeriya a kan abu biyu: horar da ma'aikatan lafiya tuƙin jeji, da duba abin hawa a kan kari tun bai lalace ba. Horon kwana biyu ko uku a fili mai rairayi da laka, inda ma'aikaci zai koyi tsayuwa a kan mataki da jan burkin gaba da tayar da babur idan ya faɗi, bai kai kuɗin taron bita ɗaya a otal ba. Hular kwano, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanyawa a ranar 1 ga Janairu, 2009, da takalmi mai rufe idon sawu da safar hannu, ya kamata su zo tare da makullin babur. Kafin a tura kowa kuma a binciki dokar jihar da za a je, tun da wasu jihohi sun taƙaita zirga-zirgar babura a wasu yankuna saboda tsaro.

Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Mahayin da ya tsaya ya duba iskar tayarsa, ya sauka ya taka rafi da ƙafa, ya jira laka ta sha iska na awa ɗaya, zai iya makara. Rahotonsa zai iso Abuja a makare, wataƙila a yi masa tambaya. Ya kamata wanda zai yi tambayar ya fara sanin irin ƙasar da tayoyin nan biyu suka taka kafin takardar ta iso teburinsa.